Jinyar Iyaye Tsofaffi: Biyayya Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Da wuya ka sami Bahaushen da zai yi maka musu a kan haƙƙin iyaye. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu abin da aya ta 23 da ta 24 na Suratul Isra'i suka ƙunsa game da iyayen da tsufa ya riska a hannun 'ya'yansu, har da hanin nuna musu ƙosawa komai ƙanƙantarta. 'Yan'uwanmu Kirista ma da umarnin girmama uwa da uba suka tashi. A wurinmu, kai tsoho gidan gajiyayyu abin gori ne da zai bi zuri'a har jikoki. Saboda haka ƙauna ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da muke da ƙarancinsa shi ne sanin yadda ake jinyar tsoho, da tsarin da zai sa jinyar ta ɗore ba tare da ta kayar da mai yin ta ba.

Dubi ma'aunin da muke auna ɗa nagari da shi. Ya aiko da buhun shinkafa da galan ɗin mai, ya ɗinka wa Baba shadda, ya yi wa Inna atamfar sallah, in Allah ya hore masa ya biya musu kujerar Makka. Duk alheri ne, Allah ya saka. Sai dai waɗannan abubuwa ne da jama'a ke gani su yaba. Abin da ke kwantar da tsoho kuwa yana can inda idon baƙo ba ya kaiwa: santsin daɓen makewayi da asuba, ledar magungunan da ba wanda ya san abin da ke cikinta, hawan jinin da aka shekara ba a auna ba, ɗakin kwano mara taga a tsakiyar bazara, da matar ɗan da ta yi watanni rabonta da barcin kirki.

Lamarin kuma ƙaruwa zai yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60 ko ya haura, kuma nan da 2050 kashi 80 cikin 100 na tsofaffin duniya za su kasance a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. A Najeriya kaɗai, masu irin waɗannan shekaru sun wuce miliyan 10. A daidai wannan lokaci ne kuma babban gidan gandu, wanda ba a rasa wanda zai miƙa wa tsoho buta a cikinsa, yake watsewa. 'Ya'ya suna Abuja da Legas da Fatakwal, wasu suna Yamai ko Kumasi ko Jidda. Matan da a da suke wuni a gida yau suna makaranta ko wurin aiki ko kan sana'a. Ga shi cututtukan da ke damun tsofaffinmu, wato hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda da shanyewar ɓarin jiki, ba sa warkewa a mako guda. Jinya ce ta shekaru, kuma ana buƙatar a iya ta.

Mu fara da faɗuwa, domin ita aka fi rainawa. Bisa alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa. Bayan haɗarin hanya, babu tsautsayin da ya kai ta kisa, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a cikin mamatan. Dalilan a fili suke. Ƙashi yana yin gautsi da shekaru, musamman na mata bayan ɗaukewar al'ada. Gani yana raguwa, tsokar ƙafa tana saki, kuma mai shan maganin hawan jini yakan ji jiri idan ya miƙe da sauri. To, ka haɗa wannan da tsarin gidajenmu. Tsoho ya tashi cikin duhu an ɗauke wuta, ya zura silifas, ya ɗauki buta, ya tsallake dokin ƙofa, ya ratsa tsakar gida, ya tsuguna a masai, sannan ya nemi miƙewa da gwiwar da ta daina ɗaukarsa. Idan namiji ne mai fama da kumburin furostet, zai yi wannan tafiya sau da yawa kafin gari ya waye. Gidan zamani ma bai tsira ba, domin tayil mai sheƙi da ɗa ya shimfiɗa wa mahaifiyarsa don ya faranta mata ya fi tsohon daɓen siminti haɗari da zarar ruwan alwala ya zuba a kai.

Idan ƙashin ƙugu ya karye, labari ya sauya. Kusan ɗaya cikin biyar na tsofaffin da suka yi irin wannan karaya ba sa cika shekara a raye, a wasu wuraren ma adadin ya fi haka. Doguwar kwanciya ce ke kashe su, ta hanyar limoniya da daskarewar jini a jijiya da gyambon kwanciya. Masu ɗori suna da tarihinsu a cikinmu, amma ƙashin ƙugu yana can ciki inda kara da tsumma ba sa kaiwa. Yana buƙatar hoto, galibi kuma aiki, a wuri irin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, kuma kowace rana da aka ɓata tana rage damar sake takawa. Haka nan idan tsoho ya bugu a kai, ko da ya tashi ya ce ba komai, jini yana iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai, sai bayan kwanaki ko makonni a ga ya fara rikicewa ko yawan barci. Abin takaicin shi ne kayan kare tsoho daga faɗuwa ba su kai kuɗin ragon layya ba: ƙarfen dafawa a bangon makewayi, kujerar roba ta wanka da alwala, fitila mai caji a bakin gado, fo ko bokiti a ɗaki da dare, takalmi mai kama ƙafa, sanda, da kawar da tabarmar da bakinta ya naɗe. A kuma duba ido. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki a wurare irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, amma tsofaffi da yawa suna zaune cikin duhu don an ce musu tsufa ne.

Wannan magana ta “tsufa ne” ta binne cututtuka masu magani ba adadi. Hawan jini shi ne babba. Ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi, shi ya sa Baba zai sha magani mako biyu ya ce ya warke ya ajiye. Alhali maganin hawan jini na kullum ne, kuma awo ne kawai ke nuna ko jini ya haura 140 bisa 90. Na'urar awon ba ta fi ƙarfin 'ya'yan da suka haɗa hannu ba, jika ɗan sakandare ma zai iya koyon amfani da ita ya riƙa rubutawa. A rage gishiri da dunƙulen miya, tunda ƙa'idar masana ita ce kada gishirin da mutum zai ci a wuni ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Idan kuwa aka wayi gari baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, to shanyewar ɓarin jiki ce, jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Awannin farko su ne masu tsada. A nan muke yin babban kuskure, mu ce iska ce ko jifa, mu tsaya neman mai ruƙiyya har rana ta faɗi, wani ma ya ɗura wa mara lafiya ruwa ko rubutu alhali ba ya iya haɗiya, abin ya wuce huhu. Ba wanda ya hana addu'a, amma a yi ta a cikin mota, a hanyar asibiti.

Sai ledar magani. Ka zazzage ta a gaban likita ka sha mamaki: maganin wannan asibiti, maganin wancan, haɗin kemis na ciwon jiki, garin da aka saya wurin mai talla da lasifika, da ƙwayar da wata maƙwabciya ta ce ta yi mata aiki. Sau da yawa magani ɗaya ne da suna biyu, ana shan sa ninki. Magungunan kashe ciwo irin su daiklofenak da ibufurofen, waɗanda tsofaffi ke sha kullum saboda gwiwa da baya, suna iya jawo gyambon ciki, su lalata ƙoda, su kuma tayar da hawan jini. Dekzametazon da akan saka a wasu haɗe-haɗen yana tayar da suga yana kuma cinye ƙashi. Ƙodar ɗan shekara 75 ba ta tace magani kamar ta ɗan 30. Mafita ita ce mutum ɗaya ya riƙe ragamar magani, da littafi ɗaya da za a rubuta sunan kowane magani da lokacin shansa, kuma duk zuwa asibiti a tafi da ledar gaba ɗaya, har da na gargajiyar, ba tare da ɓoye wa likita komai ba.

Yanayi ma abokin gaba ne. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, jikinsa kuma ba ya sanyaya kansa yadda ya kamata. A farkon Afrilun 2024, cikin watan azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriyel Ture da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗu, kusan rabinsu sun haura 60. Sahel ɗin da Mali take ciki shi ne na Sakkwato da Maiduguri da Damagaram. A aikin Hajjin shekarar 2024 kuma hukumomin Saudiyya sun ce fiye da mutum 1,300 sun rasu cikin tsananin zafi, galibinsu marasa izinin Hajji da suka yi doguwar tafiya a rana. Duk wanda zai biya wa tsoho kujera ya fara kai shi likita, ya kuma tanadi wanda zai riƙe hannunsa a can. Batun azumi kuwa sai an yi da hikima, domin dattijon da ya shekara 60 yana azumi ba zai ji daɗin a ce ya sha ba. Amma mai allurar insulin ko wasu ƙwayoyin suga yana iya suma idan sugansa ya faɗi, mai ciwon ƙoda kuma yana iya rasa ragowar ƙodar. Addini ya yi rangwame ga wanda tsufa ko ciwo ya hana shi azumi, malamai sun yi bayanin ciyarwa a madadinsa, kamar yadda aka halatta salla a zaune da taimama. Idan ɗa ya faɗa Baba ya ƙi, a kawo limamin da yake girmamawa ya faɗa masa. Da hunturu kuma a kula da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da janareta a bakin taga, domin iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Akwai abin da ya fi waɗannan duka gwada haƙurin iyali, wato gigin tsufa. Inna ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba, ta ce an sace mata kuɗi, ta fita neman gidan mahaifinta da aka rushe tun tuni, ta zagi wanda ta fi so. Wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke damun fiye da mutum miliyan 55 a duniya, kuma cutar Alzaima ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nasa. Rashin saninsa ya sa ake cewa tsohuwa ta fara tone-tone, ko a jefe ta da maita. A Yulin 2020 an kashe wata tsohuwa mai shekara 90 a Kafaba da ke arewacin Ghana bisa zargin maita, kuma duk unguwar da ke wasa da irin wannan zargi tana kan hanyar da ke kaiwa can. Mai gigin tsufa ba a yi masa musu, ba a ɗaure shi, ba a kulle shi shi kaɗai. A kawar da wuta da magani daga gabansa, a sanar da maƙwabta, a ɗinka lambar waya a aljihun rigarsa. A kuma bambance shi da rikicewar farat ɗaya. Idan dattijon da yake garau jiya ya wayi gari yana sambatu, a yi zargin zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon mafitsara, ko faɗuwar suga, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko illar wani magani. Irin wannan yana warkewa idan an gaggauta.

Yanzu ga tambayar da muke kauce wa: wa ke yin aikin? Jinyar wanda ya kwanta aiki ne ja. Sai an juya shi duk bayan kamar awa biyu don kada gyambo ya fito a ƙugu da dunduniya, a canza masa famfas, a goge masa jiki a busar, a zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci don kada ya ƙware, a tashi da shi cikin dare. A mafi yawan gidajenmu wannan duka yana kan mace ɗaya: matar ɗan da ya zauna a gida, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo, ko wata yarinya da aka cire daga makaranta. 'Ya'ya maza suna aiko da kuɗi, su bugo waya su ce “ya jikin Hajiya?”, su zo ranar Juma'a su ga zanin gado bai yi musu ba su yi faɗa. Kunya ta ƙara dagula lamarin. Uba yana ɓoye wa 'ya'yansa cewa fitsari na kufce masa, ɗa yana jin nauyin wanke mahaifinsa, sai aikin ya faɗa kan suruka, wadda al'ada ta fi kowa ɗora wa kunyarsa.

Gaskiyar da malamai suka sani ita ce haƙƙin iyaye a kan 'ya'yansu yake, abin da matar ɗa ke yi kuwa kyautatawa ce da ta cancanci godiya da sakayya. Littattafan fiƙihun Malikiyya sun ɗora ciyar da iyaye mabuƙata a kan 'ya'ya masu hali, maza da mata, har suka haɗa da ɗaukar nauyin mai yi musu hidima. Ashe biyan mai jinya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kuma barin mutum ɗaya da jinya haɗari ne ga tsohon kansa, domin gajiya da rashin barci su ne ke haifar da tsawa da hantara da sakaci, ko daga mutumin kirki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Ya'ya su zauna tun kafin ciwo ya kwantar, su fayyace wa zai biya me, wa zai kwana yaushe, wa zai kai asibiti, kuma wace rana mai jinya za ta huta ta je gidansu. Maza su karɓi wanka da tsarkin mahaifinsu da hannunsu.

A cikin wannan tsari kada a manta mai abin. Tsoho ba yaro ba ne. Muna da halin yanke masa hukunci a bayan idonsa, mu ɓoye masa abin da likita ya ce, mu karɓe katin bankinsa da sunan taimako har fanshonsa ya riƙa zirarewa, wani ma ya sayar masa da gona yana raye. Wani ɗan kuma, da kyakkyawar niyya, zai ɗauko mahaifinsa daga ƙauye ya ajiye shi a bene a birni, ga firji ga talabijin, amma babu majalisa, babu masallacin da ya saba, babu wanda zai kira shi da sunan da tsararsa ke kiransa. Kaɗaici yana karya tsoho, ya daina ci, ya daina tafiya, ya daina magana. Idan kunnensa ya yi nauyi a kai shi a duba, domin wanda ba ya ji a hankali yake ficewa daga hira. Matuƙar hankalinsa na nan, a yi shawara da shi, a bar shi ya yi abin da zai iya da kansa, ko da ba shi da sauri.

Wani zai ce wannan maganar masu hali ce, talaka da bai ci ya ƙoshi ba ina shi ina ƙarfen bango? Akwai gaskiya a ciki. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa, kuma tun 2023 farashin magani ya yi tashin da ya sa wasu ke raba ƙwaya biyu ko su tsallake kwana. Amma talaka shi ya fi buƙatar kariya, tunda shi ne ba zai iya biyan aikin ƙugu ko wankin ƙoda ba, kuma juya mara lafiya da ba shi ruwa da rage gishiri ba sa cin ko sisi. Wani kuma zai ce ajali ne. Haka ne, ba mai wuce ranarsa. Amma ba a tambaye mu ranar ba, abin da aka ɗora mana shi ne yadda za su yi kwanakin da suka rage, a tsafta da mutunci ko cikin gyambo da ƙunci.

Hukuma ma tana da nata kason, kuma a takarda ta yi ƙoƙari. A Janairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, a 2021 aka amince da manufar ƙasa kan tsufa, sannan dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa ƙarfi wanda tsofaffi ke cikinsa. Tun 2012 Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar tsofaffi mai sunan Cif Tony Anenih. Sai dai irin waɗannan cibiyoyi da likitocin da suka ƙware kan tsofaffi 'yan ƙalilan ne, kuma dattijuwar da ke ƙauyen Jigawa ko Zamfara ba ta ga amfanin dokar da ba ta iso asibitin garinsu ba. Abin da jihohinmu za su iya yi ba ya buƙatar dogon gini: a sa tsofaffi marasa hali cikin inshorar jiha, a wadata ƙananan asibitoci da maganin hawan jini da na suga, a horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su riƙa shiga gidaje suna koya wa iyali jinya, a biya fansho a kan kari, a daina jera dattawa a rana da sunan tantancewa. Limamai kuma su faɗaɗa huɗubar biyayya ga iyaye ta kai ga maganar makewayi da magani da haƙƙin mai jinya, kwamitocin zakka su tuna da tsofaffin da ba su da kowa.

Kai mai karatu da Allah ya bar maka uwa ko uba a raye, kada ka jira sai an kira ka cikin dare. A wannan makon ka je da kanka ka bi hanyar da suke bi daga gado zuwa makewayi, ka zazzage ledar maganinsu, ka sa a auna jininsu da sugansu, ka tambayi mai kula da su abin da take buƙata, sannan ka tara 'yan'uwanka ku raba aikin. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu, ya sa mu gama da su lafiya.